Hatimin da ke Cikin Murfin Inji

Duk direban da ke ajiye mota a filin Kudai na Makka a shekarun nan ya san motar Dauda Zali, domin Dauda ba ya iya shanye kofin shayi ɗaya bai yi zancenta ba. Babbar mota ce mai dogon hanci, shuɗiya, wadda ya sayo a Jizan daga hannun wani Bayamane da ya rantse masa har da dafa gemu cewa ƙirar Amurka ce, irin wadda direbobi ke kira Intar. Kama kuwa ta yi kama. Abu ɗaya ne ya ƙi: sifanar da ke kwance notin kowace Intar a Makka, in aka ɗora ta a kan notin motar Dauda sai ta yi ta zamewa, wata ta yi yawa, wata ta yi kaɗan. Makanikai sun zagi motar, sun haɗa da mai ita. Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce mota ce mai asiri, ba kowane ƙarfe take yarda ya taɓa ta ba.

Kuma ba da wasa yake faɗa ba. A makon da ya sayo ta, ya ɗaga murfin inji zai duba mai, hasken hantsi ya faɗo a karkace, sai ya ga wasu zane guda biyu a jikin ƙarfen ta ciki, kowanne ya kai tafin hannu, masu ƙafafu da rassa da ƙugiyoyi. Ba da alƙalami aka yi su ba, danna su aka yi a cikin ƙarfen. Ta waje kuwa babu komai, an cike wurin an shafe da fenti sumul. Ba Larabci ba ne, ba boko ba ne. To, Dauda ya yi karatun allo a Haɗeja har izu goma kafin ya kamo hanyar gabas a ƙafa ta Chadi da Sudan, saboda haka a ganinsa babu mai koya masa hatimi in ya gan shi. Nan take ya yanke hukunci: wani babban malamin Yaman ne ya buga wa motar tsari, ya ɓoye shi inda ido ba ya kaiwa. Ya sauke murfin a hankali, ya ja bakinsa ya yi shiru, abin da bai saba ba.

Shirun bai wuce wata huɗu ba. Ranar da ruwa ya ɓalle a Wadi Faɗima, motoci uku ne suka shiga kwarin a jere. Ruwan ya kwashe ta gaba, ya kifar da ta baya, direbobinsu suka sha da ƙyar, ta Dauda kuwa ta kafe a tsakiya ruwa yana dukan ƙofarta har ya gaji ya janye. Ya murɗa ta, ta tashi. Daga ranar aka raɗa mata suna Gagara Ruwa, daga ranar kuma cikin Dauda ya kasa riƙe maganar. Ya nuna wa mutum ɗaya bisa amana, kowa kuwa ya san amanar direbobi. Kafin shekara ta zagayo, motoci goma sha ɗaya na Hausawan Kudai suna ɗauke da hatimin a ƙofar direba. Dauda da hannunsa ya zana wa kowa da farin fenti, ya kewaye shi da furanni don kada masu wa'azin gari, waɗanda ba sa son jin ko sunan laya, su gane. Ƙofar tasa ce ta goma sha biyu. Bai karɓi komai a hannun kowa ba, girman da ake ba shi ya ishe shi. Har Malam Dauda aka fara ce masa, yana kuwa amsawa.

Wanda ya ga yadda yake taƙama ba zai ce mutum ne da ba shi da ko ƙyallen takarda ba. Shekara goma sha tara ke nan da ya zo aikin hajji ya ƙi komawa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba fasfo. Ya yi shekara tara yana ga-ruwa da garwa biyu a kafaɗa kafin ya koyi tuƙi. Takardun motar ma da sunan surukinsa suke, Abdulƙadir Mailafiya, yayan matarsa Ramlatu, domin su haifaffun Makka ne, 'yan ƙasa. In aka kama Dauda da laifi komai ƙanƙantarsa, shi kaɗai za a kai Jidda a sa a jirgin ruwa. Ramlatu da 'yarsu Sa'adatu, mai wata goma sha huɗu, sai dai su tsaya a bakin teku su yi kallo. Ya san wannan sarai, shi ya sa ko jaki ya hango a hanya tun daga nesa yake taka birki.

Wata Talata a watan Zulƙida na shekarar 1384 ta Hijira, saura kwana uku a jera motoci a Kudai domin hukuma ta duba waɗanda za su yi jigilar tantuna zuwa Mina, Dauda ya ajiye Gagara Ruwa daura da shagon mai aski a Tandabawi, ya shiga ya zauna a benci yana jiran layi. Wanda ke kan kujera Ammi Salihu Sini ne, wani tsoho Musulmi ɗan ƙasar Sin mai ɗinkin jakunkunan mahajjata a unguwar. An ce ya gudo daga ƙasarsu shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin da 'yan gurguzu suka karɓi mulki. Mutum ne marar magana, ko sallama a hankali yake amsa ta. An lulluɓe masa haɓa da kumfa, mai aski ya ɗora aska, tsohon yana kallon madubi, madubin kuma yana kallon titi.

Sai aka ji ya yi wata ƙara kamar wanda aka taka wa ciwo. Ya zabura ya miƙe, aska ta tsaga masa kunci, jini ya shiga kumfa. Mai aski ya yi salati, tsohon ko ta kansa bai bi ba. Ya fita titi da ƙyalle a wuya, ya tsaya gaban ƙofar motar yana karkata kai. Ya dawo ya leƙa madubi. Ya sake fita. Sau uku yana wannan zirga-zirga, jini yana ɗiga a kan rigarsa, mutanen benci sun saki baki.

"Motar wa ce wannan?" ya tambaya cikin Larabcinsa mai tsalle-tsalle.

Dauda ya miƙe yana gyara hula. A zatonsa labarin hatimin ne ya kai har ga mutanen Sin. "Tawa ce, ya Ammi."

"Wa ya yi rubutun nan?"

"Wane rubutu? Ado ne, furanni ne."

"Ba furanni nake tambayarka ba." Tsohon ya damƙi wuyan hannunsa ya ja shi bayan motar. "A ina ka gan shi? Nuna mini."

Da wani ne Dauda zai ja masa rai, amma idon tsohon ya hana. Ya ɗaga murfin inji. Ammi Salihu ya cusa kai, ya ɗora yatsu a kan zanen yana bin kowace ƙugiya. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Rufe. Rufe maza! Biyo ni."

A ƙuryar shagonsa, bayan ya tura ƙofa, ya jawo gwangwanin zare, ya zazzage shi, ya zaro wani hoto daga ƙasa. Wani saurayi ne da hula mai rufe kunne, tsaye a kan ƙanƙara, ya dafa wata babbar mota. Dauda ya kai hoton bakin taga ya duba. Gagara Ruwa ce. Hancinta ne, fitilunta ne, har matakalar ƙofa. A jikin murfin injin kuma ga hatiminsa nan ɓaro-ɓaro a waje, sai dai ƙugiyar da ya saba ja zuwa dama ta nufi hagu.

"Ta ciki ka gan shi, ka kwafe shi a juye," in ji tsohon. "Shekara guda motocinku suna wucewa ta gabana, wani abu yana sosa mini rai ban gane ba. Yau madubi ya miƙe mini shi. Wannan ɗana ne, Lurwanu. Yana makaranta muka gudo, hanya ta rufe a bayanmu. Daga baya aka ɗauke shi aiki a wani gari mai sanyi, Changchun, a ma'aikatar mota ta farko a ƙasarmu. Shi ya rubuto mini labarinta. Shekara uku aka yi ana gina ta, Rashawa suka kawo zane da injuna. A shekarar 1956 motoci goma sha biyu na farko suka fito, mutane suna kuka don murna, domin kafin nan kusan duk motar da ke Sin daga waje take zuwa. Bayan haka sun ƙera wata doguwar baƙa ta manya, suka sa mata Jar Tuta. Amma wannan ce ta fari."

"Ya Ammi, tawa Intar ce. Ƙirar Amurka ce."

"Ta Rasha aka kwaikwaya, ta Rashan kuma tana kama da ta Amurka. Sifanar Amurka tana kama notinta?"

Dauda ya girgiza kai.

"Mutanen Sin sun yi wa Yaman hanya daga Hudaida zuwa San'a. Ina tsammani a nan aka kawo ta. Yaƙi ya ɓarke, ta sauya hannu, wanda ya sayar maka ya cike sunan ya shafe da fenti, don ya san ba za ta shigo ƙasar nan da shi ba."

"Suna?"

"Sunan motar. Jiefang. Ma'anarsa 'yantarwa, haka suke kiran abin da suka yi mana."

Duk da haka Dauda bai saki ba, don mutum ba ya rabuwa da hatimin shekara biyu a tsaye ɗaya. "To amma malamin da ya rubuta fa? Ai ko a Sin akwai malamai, ga ka nan."

Ammi Salihu ya dube shi, ya rasa dariya zai yi ko kuka. "Malami? Rubutun hannun shugabansu ne aka ɗauka aka buga a ƙarfe. Babban shuyu'in da kansa, uban 'yan gurguzu. Wanda saboda shi na bar kabarin uwata ba mai ziyara."

Dauda ya zauna a kan tulin jakunkuna. Shuyu'i! A Makkar wannan lokaci, ga yaƙin Yaman yana ci, ga rediyo safe da yamma yana tsine musu, ko a mafarki mutum ba ya so a haɗa sunansa da kalmar nan. Shi kuwa da hannunsa, da alwala, da bismilla, ya zana rubutun babbansu a ƙofa goma sha biyu, ya ƙawata shi da furanni, ana yawo da shi a gefen Harami. Ya ce innalillahi ya fi a ƙirga.

"Za ka kai ni ƙara?" ya tambaya da ƙyar.

"Da zan kai ka, da ban kawo ka nan ba. Amma ba ni kaɗai ne mai ido ba. Jiragen mahajjata sun fara sauka, a cikin mutanen gabas akwai masu karanta shi, a juye ko a miƙe. Ranar Juma'a kuma in aka ɗaga murfin nan a Kudai, wani zai tambaya." Tsohon ya mayar da hoton, ya tsaya yana juya murfin gwangwanin. "Lurwanu a ɗakin da ake danna ƙarfe yake aiki. Shekara shida ban sake samun wasiƙarsa ba. In za ka hallaka abin nan, ina roƙonka, kada ka ƙona wannan gefen."

Dauda bai ma ji roƙon sosai ba, domin a daidai lokacin ne ya tuna da kofin rubutun da ya sha miƙa wa Ramlatu.

Ya iske Ramlatu a ƙofar gidansu na kwano da katako a gefen dutse, tana suyar gyaɗar sayarwa, Sa'adatu tana goye a bayanta. Kafin Sa'adatu ciki uku ne suka zube mata. Da ta sami na huɗu, Dauda ya riƙa kawo mata rubutun sha kowace Alhamis, tana karɓa da hannu biyu. Bai taɓa gaya mata abin da ke kan allon ba, ita ma ba ta tambaya ba. Yanzu ya tsuguna a gefen murhu ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa.

Ba ta daina juya gyaɗar ba sai da ya gama. Sannan ta ajiye ludayin.

"Abu Sa'adatu, esh hada? Me nake ji? Rubutun da ka ba ni, na jikin sayyara ne, motar nan taka?"

"Shi ne."

"Sau nawa?"

"Bakwai."

Ta miƙe ta je bakin randa ta kurkure baki, ta tofar, ta sake kurkurewa, kamar yanzu ta sha shi ba bara waccan ba. Da ta juyo idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Ni wallahi aya na ɗauka. Aya daga Mus'hafi! Ka tsaya kana kallona ina bismilla ina shanye sunan mota?"

"Ni ma ban sani ba, Ramlatu. Hatimi na ɗauka."

"Ko hatimin ne, ka tambaye ni? 'Yata a gaban Ka'aba na roƙe ta, Allah ya ba ni, ba kai da ƙarfenka ba." Ta gyara goyon. "Wannan tsakanina da kai ne, za mu yi shi daga baya. Dahin, yanzun nan, ka tashi ka tafi wurin Yaya. In jawazat masu kamun baƙi suka ɗauke ka, me zan ce wa yarinyar nan in ta girma? In ce ubanki yana bayan Bahar Maliya saboda fenti? Tashi!"

Gyaɗar ta ƙone a kasko, babu wanda ya kula.

Bayan la'asar direbobin suna zaune a inuwar motocinsu a Kudai, Abdulƙadir Mailafiya a tsakiya, don shi ne babbansu. Suna ganin Dauda aka fara matsa masa wuri, ana Malam ya iso. Bai zauna ba. A tsaye ya faɗa, da Hausa tsantsa don kada Larabawan gefe su tsinta. Da ya kai kan maganar wanda ya yi rubutun, kowa ya ajiye kofin shayinsa.

Wani direba mai suna Mukhtaru ne ya fara magana, a hankali, kamar mai tambayar kansa. "Ni fa kullum da asuba sai na shafa shi na shafe fuskata." Ya dubi tafin hannunsa, ya goga a riga. Daga nan wuri ya hargitse. Mai salati yana yi, mai zagi yana yi, wani ya tuna ya ɗinke wa uwarsa shi a fata tana rataye da shi a wuya, ya ruga gida ba takalmi. Sauran suka rarumi wuƙaƙe da tsumma da fetur. Cikin rabin sa'a ƙofofi goma sha biyu sun yi fari fat da kankara, furannin ma ba a bar ko ɗaya ba.

Abdulƙadir bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya zagaya Gagara Ruwa sau ɗaya, hannu a baya.

"Yaya, murfin kawai za a sauya," in ji Dauda yana bin sa. "In samo na wata Intar da ta mutu, a ɗan bubbuga shi ya zauna. Halas, shi ke nan."

"Ɗaga mu gani."

Aka ɗaga. Abdulƙadir ya karɓi tsumma ya goge baƙin man da ke jikin injin. Ga wasu ƙananan zane irin waɗancan, a jere. Ya tsuguna ya goge akwatin giya, ga su. A ƙasan kujera akwai wani ɗan faranti da aka shafe da kwalta, aka kankare, ga su layi-layi. Shekara biyu Dauda yana kwanciya a ƙarƙashin motar nan yana ganinsu, yana ɗauka tabon guduma ne. Yanzu da ido ya buɗe, duk inda aka goge sai motar ta faɗi sunan garinsu.

"Tayyib," in ji Abdulƙadir yana goge hannu. "Sunana ne a kan istimara, takardar motar, ya Dauda. In aka kama ta, ni za a tambaya, ni kuma sai in nuna ka, don ina da 'ya'ya. Ni ɗaurin wata nawa ne in fito. Kai jirgi ne."

"In sayar da ita a Ɗa'if, ko a Madina."

"Ka sayar wa wa? Wani Musulmi ya faɗa ramin da ka fito? Takardar kuma ta biyo sawu ta dawo ƙofata?" Ya girgiza kai. "Kafin Juma'a motar nan ta bar duniya. Ni zan je in ce ta mutu an yanka ta. Ka zaɓa, ita ko Makka."

Dauda ya dafa hancin motar, ƙarfen yana da ɗumi da zafin rana. Duk abin da ya tara tun ranar da ya sauka a Jidda da buta da sanda yana tsaye a kan tayoyin nan shida. Ba ta taɓa cutarsa ba, ba ta taɓa barinsa a hanya ba, ita ba ta ma yi masa ƙarya ba, shi ne bai iya karanta ta ba. Ya ji tausayinta ya kama shi kamar dabbar da ya yi kiwo. Amma zaɓin ba mai wuya ba ne, zafi kawai gare shi.

Washegari da hantsi ya kai ta bayan dutse, wurin maƙeran Hausawa masu ƙera murhu da kasko daga tsohon ƙarfe. A ransa ya so ta ƙi tashi ko sau ɗaya, don ya sami abin da zai riƙe a kanta. Murɗawa ɗaya ta tashi. Kwana biyu aka yi ana yankanta. An farfasa injin da guduma, duk inda rubutu yake aka jefa a wuta. Da aka zo kan murfin, Dauda ya tuna roƙon tsohon. Ya san in Abdulƙadir ya ji sai ya kusa cinye shi ɗanye, ya kuma san in aka tare shi a hanya da abin nan magana ta ƙare. Ya tsaya yana kallon wutar. Sannan ya ce wa maƙerin ya yanko masa gefen, ya naɗe shi a tsohon haraminsa, ya rungume a ƙirji, ya ratsa Tandabawi da rana tsaka, kowane ɗan sanda ya gani sai ya tsallaka ɗaya gefen titi. Ya miƙa wa Ammi Salihu ta ƙofar baya, bai ko tsaya jin godiya ba.

Ranar Juma'a aka duba motoci goma sha ɗaya a Kudai. Jami'in ya tambayi dalilin da ya sa duk ƙofofin suke a kankare, Abdulƙadir ya ce sabon fenti za a yi saboda hajji. Aka buga musu hatimin hukuma, suka wuce.

Dauda kuwa ya koma wa garwarsa. Babu direban da ya yarda ya ba shi tuƙi, wai hannunsa ba shi da kyau. Kafaɗar da ta yi shekara goma tana hutawa ta kumbura ta fashe. In ya wuce ta Kudai sai a ɗaga murya, "Malam Dauda, a zo a yi mana rubutu mana!" Ya yi kamar bai ji ba. Murhuna masu shuɗin fenti suka cika kasuwa a hajjin nan, duk inda ya juya sai ya ga wani yanki na Gagara Ruwa da tukunya a kai. Ramlatu ma ta sayo ɗaya, da gangan ko ba da gangan ba Allah ne masani, ta ce yana riƙe wuta. Ta yi kwana goma sha biyu ba ta ce masa komai ba sai ga abinci.

Bayan mahajjata sun watse, wata safiya ya kai ruwa shagon Ammi Salihu. Tsohon ya ce ya shigar masa da shi ƙurya. Dauda ya sunkuya ya shiga, ya ɗaga kai, ya kusa sakin garwar. Yankin murfin yana kafe a bango saman keken ɗinki, an goge shi yana ƙyalli, ga hatimin nan yana kallonsa kamar ranar farko.

"Ya Ammi! A fili haka? Kuma ai a juye ka kafa shi. Wannan cikin ne."

"Na sani," in ji tsohon, bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "Ta waje sunan da suka sa mata ne, da hannun shugaban nan nasu. Wancan gefen na juya wa bango. Ta nan ba ya cewa komai. Wurin da ƙarfen ya lotsa ne kawai, lokacin da aka danna shi."

Ya cire ƙafa daga keken, ya miƙe, ya ɗora tafin hannunsa a kan zanen. Tafin ya rufe zane ɗaya ruf.

"Ma'aikata dubbai ne a can. Wataƙila ba shi ba ne ya danna wannan. Na sani. Amma wataƙila shi ne."

Dauda ya juye ruwan a randa, rabi yana zuba a ƙasa, idonsa yana kan hannun tsohon da ke manne da ƙarfe. Shekara goma sha biyar, teku nawa ne a tsakani, abin da ya rage wa uban ke nan. Saura ƙiris shi Dauda ma ya zama haka, yana can Haɗeja yana shafa wani ɗan tsumman 'yarsa. Tun ranar da aka yanka motar yake jin kamar an kwashe masa komai, sai yau ya ga abin da aka bar masa.

Ya saɓa sandarsa a kafaɗar da ba ta fashe ba, garwa biyu suna karo da juna. Akwai gida uku da ke jiran ruwa, amma ya bar su ya hau dutse tukuna, don a daidai wannan lokacin Sa'adatu take tashi daga barci.